Baƙi Iri Biyu

Ran Asabar, cikin yayyafin nan na Sheffield
mai bin ƙashi ba tare da ya jiƙa riga ba,
na sauka tiram na shiga kantin talabijin
da waya a jaka, da daƙiƙa arba'in a cikinta.

Yaron kantin, Declan, mai jan gashi,
ya tsayar da ni gaban alluna biyu
sirara kamar bakin wuƙa.
Duka OLED ne, in ji shi,
kowane ɗigo da fitilarsa,
in an ce masa mutu sai ya mutu murus,
shi ya sa baƙinsu baƙi ne ƙirin,
ba tokar da tsofaffin akwatuna ke kira dare ba.
Ciki ɗaya suka fito, kowa da halinsa.

Na hagu an ƙara masa farin ɗigo,
kamar mai nono da ta zuba ruwa don ƙwarya ta cika.
Haske kam akwai, har ido ya ƙanƙance,
amma in ja ya kai maƙura sai ya koɗe.
Na dama shuɗi ne asalinsa,
yana ratsa wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani
ya fito kore shar, ya fito ja wur
kamar tattasai a tire.
Sai dai fitilun kanti suna tona masa asiri,
baƙinsa ya yi furu-furu
kamar ƙafar da ta kwana uku ba mai.

Ya nuna mini dusar ƙanƙara a kan dutse,
da zuma tana tsiyaya, da gashin aku.
Ya jero lambobi, dubu da ɗari kaza.
Na ce masa, bari in sa nawa.

Tsakar gidanmu ne a Gusau, an ɗauke wuta.
Ƙanena Sagiru ke riƙe da waya, hannunsa na rawa.
Goggo Tasallah ta durƙusa tana hura murhu
tana faɗan a daina ɗaukarta ba kallabi.
Iyakar abin da ya rage ke nan.
A tsohuwar talabijin ɗina garwashi kawai ake gani
da murya tana fitowa daga rami.

A allon hagu dare ya tsaya daram,
harshen wutar ya yi fari kamar na walda.
A na dama garwashi ya dawo yadda na san shi,
har na ji ƙaurin itacen ƙirya,
amma daren ya sha wanki.

Declan ya dube ni, ya dubi rufi,
ya je ya yi wa manaja raɗa.
Sai layin fitilu ya mutu a kanmu,
wata mai duba firji ta ɗaga kai tana gunaguni.

Nan ta fito.
Tsagen kumatunta uku, gumi a karan hanci,
furfurar nan da take ɓoye mana,
da wushiryar da na gada.
Duhu yana da hawa-hawa ashe,
a hawa na uku take zaune duk shekarun nan.

Ɗakina yana kallon arewa,
a hunturu ƙarfe huɗu magariba ta yi.
Na nuna na dama. Albashin wata ya tafi.

Yana rubuta rasit ya ce, abu ɗaya,
kada ki bar hoto guda a tsaye ya daɗe,
ɗigon yana gajiya, inuwar ta zauna,
kome kika kalla daga baya za ki gan ta a ƙasa,
labarai ne ko ƙwallo,
kuma ba lallai garanti ya biya ba.

Na ninke rasit ɗin gida huɗu.
Na ce, awa nawa take ɗauka kafin ta zauna?